Yadda na gyara raunin siginar ACS712 a kan Arduino

Ina auna wutar da ba ta wuce amfiya 2 ba da ACS712 mai amfiya 20, wato firikwensin da ke auna wutar da ke gudana a waya, amma lambobin sai rawa suke yi. Na'urar tana ba da milibolt 100 ne a kowace amfiya, alhali matakin ADC (sashen da ke mayar da bolt zuwa lamba) na Arduino Uno, ƙaramin allon kwamfutar da ke karanta siginar, kusan milibolt 4.9 ne. Wato mataki ɗaya kusan miliamfiya 49.

Da farko na ninka siginar kai tsaye da LM358, na'urar ƙara ƙarfin sigina, sai fitarwa ta maƙale a sama. Dalili kuwa, ko babu lodi ACS712 tana zaune a bolt 2.5, kuma wannan bolt 2.5 ɗin ma ninka shi ake yi.

Sai na koma MCP6002, wadda ke ɗauke da na'urorin ƙara ƙarfin sigina biyu a ciki, kuma fitarwarta na kaiwa kusa da bolt 0 da bolt 5. Rabinta ɗaya na riƙe kusan bolt 2.5 daga turima (resistar da ake murɗawa) ta 10k. Dole turimar ta sha daga bolt 5 ɗin da ke ciyar da firikwensin, domin sifilinsa yana bin wutar da yake sha. In an raba musu tushe, karatu zai riƙa zamewa. Ɗaya rabin na cire bolt ɗin turimar daga siginar, ya ninka bambancin sau 10 da resista 10k biyu da 100k biyu masu kuskuren kashi 1 cikin ɗari. Na murɗa turimar har sifili ya tsaya a bolt 0.2.

Hayaniya ma ta ninku, don haka na canza kapasitan ƙafar FILTER ta ACS712, wanda ke tace hayaniya, daga 1nF zuwa 100nF, na ɗauki matsakaicin karatu 64, na nesanta allon daga rile (makunnin da maganaɗisu ke sarrafawa) saboda maganaɗisunsa na shafar karatun. Yanzu amfiya ɗaya bolt ɗaya ce.