Darasi na Bakwai: Kula da Salwar Daji a Filin Farauta

'Yan'uwa masu koyo, wannan darasi na masu gadi ne da masu aiki a filayen farauta da gwamnati ke bayarwa haya a kewayen gandun dajin Binuwai da Faro da Buba Njida a arewacin Kamaru, da kuma duk wanda yake da daji nasa a yankin Garwa.

Mataki na farko: sanin tsuntsuwar

Salwa ba ta sheƙa a kan itace. A ƙasa take yin ƙwai, cikin ciyawa, kuma ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 17 ko kusa da haka. 'Ya'yanta ƙwari suke ci tun suna ƙanana, manya kuma tsabar ciyawa. Wata salwar baƙuwa ce, daga Turai take zuwa lokacin ɗari ta koma, saboda haka shinge ba ya tsare ta. Ciyawa ce kaɗai ke zaunar da ita.

Mataki na biyu: wuta

A nan ne yawancinku kuke tuntuɓe, to ku karanta a hankali, ba laifi ba ne a maimaita. Kada a ƙone fili gaba ɗaya. A raba shi kashi uku, a share layi mai faɗi tsakanin kowane kashi har ƙasa ta fito fili, sa'an nan a ƙone kashi ɗaya kawai, a bar biyu. A sa wutar a Nuwamba ko farkon Disamba, da yamma, lokacin da ciyawa take da sauran danshi kuma iska ta kwanta. Wutar Fabrairu da Maris tana cinye komai, ta bar salwa a sarari, shaho ya gan ta daga sama, tunku ya same ta a ƙasa.

Mu sake. Kashi nawa aka raba? Uku. Nawa za a ƙone? Ɗaya. Rubuta wannan a littafinka: ɗaya a ƙone, biyu a bari. Madalla. Baɗi a ƙone wani kashin dabam, ba na bana ba.

Abin takaici, ana faɗin wannan kowace shekara, amma da zarar hunturu ya busa sai wani ya ƙyasta ashana don ya kori gafiya, daga baya ya zo yana cewa tsuntsaye sun gudu. Ba gudu suka yi ba, kai ka kore su. Ɗaya a ƙone, biyu a bari.

Mataki na uku: shanu da karnuka

Da damina a yi magana da ardo cikin mutunci, a nuna masa wurin da garke zai bi, domin kofato yana fasa ƙwai. Karnuka kuma a ɗaure su.

Mataki na huɗu: harbi

Ba a farauta sai da takardar izini. A rubuta kwanan wata da yawan abin da aka harba.