Yadda ake gano nau'in kifin teku daga jerin DNA

Da zarar ɗakin gwaji ya turo maka jerin DNA na kifin da kake bincike a kai, sauran aikin a kwamfuta ne, kuma kayan aikin kyauta suke a intanet.

Fara da gyara jerin. A dabbobi galibi sashen COI ake karantawa, wani yanki na DNA da ake bambance nau'o'i da shi, mai haruffa kusan 650. Farkonsa da ƙarshensa ne suka fi zuwa da kuskure, don haka ka datse duk inda bai fito sarai ba. Ka adana shi a tsarin FASTA: layin farko alamar > da sunan samfurin, haruffan su biyo a ƙasa.

Sai ka shiga shafin NCBI, cibiyar bayanan halittu ta Amurka, ka buɗe BLAST, manhajar da ke gwada jeri da jeri, ka zaɓi blastn, wanda shi ne na DNA, ka liƙa jerin. Zai gwada shi da abin da ke cikin GenBank, rumbun jerin DNA na NCBI. Ba sai ka bi ta rumbunan ENA na Turai da DDBJ na Japan ba, domin ukun suna musayar bayanai kullum.

To, nan ne ake yawan gaggawa. Sunan da ya fito a sama ba hukunci ba ne. Ka duba kashi nawa suka yi kama, ka kuma duba ko jerinka duka aka gwada ko wani guntu kawai. A kifaye, kashi 98 zuwa sama alama ce mai kyau, amma ba ta isa ba, saboda GenBank yana ɗauke da jerin da masu su suka laƙaba wa sunan da ba daidai ba. Ka sauka ka karanta sakamako goma ko ashirin na farko. Idan sunaye biyu suna gogayya, ka kai jerin rumbun BOLD da ke Guelph a Kanada, inda da yawa suke haɗe da hoton samfurin da wurin da aka kamo shi.

Da ka samu suna, ka tantance shi a WoRMS, rajistar halittun teku ta duniya, don wani sunan an daina amfani da shi. Daga nan ka duba taswirar OBIS, rumbun da ke nuna wuraren da aka ga halittun teku: an taɓa ganin wannan nau'in a tekun da samfurinka ya fito? In ba a taɓa ba, ka sake duba aikinka kafin ka yi shelar sabon abu.

Idan har yanzu akwai shakka, ka tsaya a sunan jinsin (genus, kalmar farko ta sunan kimiyya), ka rubuta "sp." bayan sunan, ka kuma rubuta lambobin jerin da ka dogara da su da ranar da ka yi binciken.