Yadda Za a Tunkari Damuwar Yau da Kullum Gwargwadon Shekaru

Duk wanda ya taɓa tsayawa layin famfo a unguwar Birni ta Damagaram cikin zafin watan Afrilu, bayan ruwa ya kwana biyu bai zo ba, ya ga yadda matsala ɗaya take taɓa mutane daban-daban: saurayi yana buga jarka yana sa-in-sa da mai garuwa kan farashi, dattijo kuwa yana zaune a inuwa yana jan carbi. Binciken Farfesa David Almeida na Amurka, wanda ya bi mutane tsawon shekara 20, ya nuna cewa masu shekara 25 suna cin karo da abin ɓacin rai a kusan rabin kwanakinsu, masu shekara 70 kuwa a kusan kashi 30 cikin 100. Saboda haka dabarar da za ta yi wa ɗa amfani ba lalle ta dace da mahaifinsa ba.

Idan kai matashi ne, abin da za ka koya shi ne jinkiri, domin zuciyarka saurin hawa gare ta, amma jikinka saurin sauka gare shi. In fasinja ya hana ka cikon kuɗin kabu-kabu, ko saƙon WhatsApp ya ɓata maka rai, ka bar wurin, ka yi alwala, ka ja numfashi a hankali, sannan ka ba da amsa. Ka rage shayin dare a fada, wato majalisar samari, kuma kada ka kusanci tramol, domin ƙara wutar yake yi.

Magidanci ko uwargida da nauyin cefane da kuɗin makaranta da hidimar iyaye suka haɗu a kansu, su ware abin da dole a yi yau, su raba saura ga ƴaƴan da suka tasa. Su riƙa auna hawan jini, domin awon da ya tsaya a 140 bisa 90 ko fiye yana bukatar ganin likita.

Dattawa ne suka fi damuna, domin haƙurinsu yana ruɗin mu. Gaskiya ne shekaru sun koya musu kauce wa rigima, sun san abin da ya cancanci magana da wanda za a bar wa Allah. Sai dai idan damuwar ta zama wadda ba a iya kauce mata, kamar doguwar jinya ko rikicin gado, jijiyoyin jininsu da suka yi tauri ba sa sakin jiki da wuri, jinin da ya hau yakan daɗe bai sauko ba. Don haka kada ka dogara da "lafiya lau" ɗin da tsoho zai ce maka. Ka duba kwanon tuwonsa ko ya dawo da saura, ka lura ko ya daina fita majalisar ƙofar gida bayan la'asar. Ka zauna kusa da shi ka ce, "Baba, na ga kwana biyu barci yana yi maka wuya, me ke damunka?" sannan ka yi shiru ka saurara. Kada a kai masa labari mai nauyi da dare, a bari sai ya karya kumallo. In kuwa aka ga ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko hannu ya mutu, a garzaya da shi babban asibitin Damagaram nan take, ba tare da jiran wayewar gari ba.