Kurakuran da aka fi yi wajen ɗanɗana shayi, da yadda za a gyara su

Akwai wani koren shayin ƙasar Sin mai suna Longjing da na taɓa yanke wa hukuncin rashin kyau. Na kwara masa ruwa yana tafasa, na rufe, na shiga wata sabga. Da na dawo na kurɓa, ɗaci ya cika mini baki, harshena ya yi bauri kamar na ciji ɗanyar ayaba. Na tura gwangwanin can ƙuryar kanta. Bayan kwana biyu zuciyata ta ƙi amincewa, na ɗauko shi, na auna giram 3, na bar ruwan ya huce zuwa digiri 80, na tsiyaye bayan minti 2. Sai ga ruwa garau, ɗorawa-ɗorawa da ɗan kore, ga ƙamshi irin na waken da aka soya sama-sama, ga wani zaƙi da ya biyo baya a maƙogwaro. Ganye ɗaya, gwangwani ɗaya. Ashe a ranar farko aikin hannuna na ɗanɗana, na ɗora wa ganyen laifi.

Yawancin kurakuran da ake yi wajen tantance shayi daga nan suke tasowa, don haka da shi zan fara.

Dafawa da ƙiyasi

Ba ya yiwuwa ka gwada shayi biyu alhali wannan ka zuba cokali cike, wancan rabi, wannan ya jiƙa minti 3, wancan minti 7. Cokali ma maƙaryaci ne a wannan aiki. Ulong (shayin da ke tsakanin kore da baƙi) irin Tieguanyin, wanda ake dunƙulewa ƙwaya-ƙwaya, cokalinsa ɗaya yakan ninka nauyin cokalin dogon ganye mai sako-sako sau biyu ko fiye. Gyaran shi ne ƙaramin sikeli mai auna giram, da agogo, da kofuna iri ɗaya na farin tangaran, don a ga launin ruwan yadda yake.

Masu sana'ar ɗanɗanawa suna da ƙa'idarsu, ISO 3103, wadda aka fara fitarwa a 1980: giram 2 na ganye ga kowane mililita 100 na tafasasshen ruwa, a bar shi minti 6 in baƙin shayi ne. A ƙasar Sin tsarin ya ɗan bambanta. Koren shayi giram 3 ne a ruwa mililita 150 na minti 4, ulong kuma giram 5 a kofi mai murfi na mililita 110, a jiƙa shi sau uku: minti 2, minti 3, minti 5.

A nan wasu ke faɗawa kuskure na biyu. Sukan ji wannan ƙa'ida su ɗauka ita ce hanyar dafa shayi mai daɗi. A'a. An tsara ta ne don a matse ganyen ya fito da duk abin da ya ɓoye, mai kyau da marar kyau, kuma kowane samfuri ya sha matsa iri ɗaya. Shayin da ya sha minti 6 a tafasasshen ruwa bai zama abin tofarwa ba, to yana da asali. Shawarata ita ce a yi duka biyun: a matsa shi sau ɗaya don a ga aibinsa, sannan a dafa shi yadda ya dace da shi don a ga iyakar kyansa. Koren shayi yana son digiri 70 zuwa 80, Gyokuro na Japan ma ƙasa da haka, 50 zuwa 60. Ulong yana son 90 zuwa sama, baƙin shayi kuwa a ba shi ruwa da tafasarsa.

Mantawa da ruwan

Kusan duk abin da ke cikin kofi ruwa ne, amma shi aka fi mantawa. Ruwan da kalsiyam ya yi masa yawa yana dusashe launi, ya danne ƙamshi, ya bar wata yana mai ƙyalli a sama. Ruwan famfo mai warin kulorin kuwa yakan kashe koren shayi nan take. Ba sabon zance ba ne: tun a ƙarni na 8 Lu Yu, masanin shayi na zamanin daular Tang, ya sa ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga dutse a gaba, na kogi a tsakiya, na rijiya a ƙarshe. Kafin ka ce shayi lami ne, dafa shi da wani ruwan daban ka gani. Kuma a ɗumama kofin tukuna, domin sanyin tangaran yana sace zafin ruwa.

Haɗa ɗaci da bauri

Wannan ne kuskuren da ya fi damuna, domin yana sa a zubar da shayi nagari a rungumi marar amfani. Ɗaci ɗanɗano ne, harshe ke jin sa, kuma a shayi yawanci daga kafeyin da sinadaran katekin yake fitowa. Bauri kuwa taɓawa ce: sinadaran ganyen suna kama furotin ɗin yawu, santsin baki ya gushe, ka ji dasashi da ganɗa sun bushe sun yi kaushi. Shayi yana iya yin ɗaci ba bauri, yana iya yin bauri ba ɗaci sosai.

Kuma babu ɗayansu da yake aibi don kansa. Baƙin shayin yankin Assam na Indiya ko na tsaunukan Siri Lanka da ba shi da ɗan bauri mai wartsake baki, ya mutu. Abin tambaya shi ne: me ya biyo baya? Haɗiye, ka rufe baki, ka ƙirga zuwa 20. A shayi mai kyau ɗacin yakan narke, yawu ya ɓuɓɓugo daga gefen harshe, wani zaƙi mai sanyi ya taso daga maƙogwaro. Mutanen Sin suna da suna na musamman ga wannan, huigan, wato zaƙin da ya dawo, kuma suna ɗaukar sa babbar shaida. A marar kyau, ɗacin yakan lafe a bayan harshe ya ƙi tafiya, baurin ya shaƙe wuya, ka ji kana neman ruwa ka kurkure. Wanda ya kurɓa ya yanke hukunci a daƙiƙar farko bai ma kai wurin da bambancin yake ba.

Akwai kuma yadda ake kurɓar. Ƙwararru sukan ɗebo da cokali su zuƙa da ƙarfi har da ƙara, fuut, kamar marasa kunya. Dalili gare su. Zuƙar tana watsa ruwan a duk faɗin baki, ta tura tururinsa zuwa hanci ta bayan ganɗa, kuma mafi yawan abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke gane shi. Toshe hancinka ka kurɓi ulong mai ƙamshin fure, za ka ji ruwan ɗumi mai ɗan ɗaci kawai. Shi ya sa mai mura ba ya tantance shayi. Kada kuma a sha da zafinsa ƙwarai, zafi yana rufe aibi. A jira ya zama mai ɗumi, a sake kurɓa bayan ya huce sarai. Tsami, ƙauri da warin tsufa duk a lokacin suke tona kansu.

Auna uku da mudu ɗaya

Kore, baƙi da ulong duk daga itace ɗaya suke, Camellia sinensis. Abin da ya raba su shi ne yadda aka bar iska ta yi aiki a ganyen bayan tsinka, irin yadda yankakken tuffa ke yin duhu in an ajiye shi. Kore ana tsayar da wannan sauyi tun da wuri da zafi: a Sin galibi a kasko, a Japan da tururi. Baƙi ana murza shi a bar shi ya sauya gaba ɗaya. Ulong yana tsakani, wani kusa da kore, wani kusa da baƙi.

To wanda ya saba da baƙin shayi mai ƙarfi, in aka miƙa masa kofin kore mai ruwa fari-fari, sai ya ce tsululu ne. Duhun ruwa ba ƙarfi ba ne, balle inganci. Abin nema a kore shi ne sabunta: ƙamshi mai rai, da wani gardi mai cika baki wanda sinadarin tiyanin ke kawowa. Don a ƙara wannan gardi ne ake yi wa bishiyoyin Gyokuro rumfa kimanin mako 3 kafin tsinka. Ko a cikin koren ma akwai bambanci. Sencha na Japan yakan zo da ƙamshin ciyawa da ganyen teku, ruwansa da ɗan hazo, ba laifi ba ne, aikin tururi ne. Irin wannan hazo a Longjing kuwa abin tuhuma ne.

A baƙin shayi haske ake nema. Ɗaga kofin ka duba gefensa: mai kyau ja ne mai sheƙi da zoben zinariya inda ruwan ya haɗu da tangaran, marar kyau ƙasa-ƙasa ne mai dishi-dishi. Wani abu da ke ruɗa mutane: Assam mai ƙarfi in ya huce yakan dagule kamar an ɗiga madara. Wasu sai su ce ya lalace. Kafeyin ne ya haɗu da sinadaran da ke ba shi launi da kaifi, kuma masu sana'a suna ɗaukar hakan alamar ganye mai ƙarfi. Shayin Darjeeling na Indiya, na tsinkar farko, watan Maris zuwa Afrilu, sunansa baƙin shayi amma ganyensa kore-kore ne, ruwansa marar duhu. Wanda ya auna shi da mudun Assam zai zalunce shi.

Ulong kuma haƙuri yake so. Dunƙulallen ganye bai gama buɗewa a jiƙon farko ba, a na biyu da na uku yake magana. Ingancinsa yana cikin juriya: nagari yakan kai jiƙo 6 ko 7 a ƙaramin kofi yana sauya fuska, marar kyau ya yi ƙamshi mai ɗaukar hankali sau ɗaya, a na uku ya zama ruwa. A shinshina murfin kofin bayan kowane jiƙo, a shinshina gindin kofin bayan an shanye. Ga gasasshen ulong na duwatsun Wuyi a lardin Fujian, kada a tantance shi da fitowarsa daga gashi. Wuta ce kawai za a ji. Yana bukatar watanni ya huta kafin ainihin ɗanɗanonsa ya fito daga ƙarƙashin ƙaurin.

Gaskata rubutun kwali

Haruffan nan, OP, BOP, FTGFOP, girman ganye da yawan toho suke nunawa, ba daɗi ba. OP, wato Orange Pekoe, ba shi da alaƙa da lemo. Ganyen da injin CTC ya niƙa ƙwaya-ƙwaya, irin wanda ya fi yawa a Kenya da Assam, ba ƙasƙantacce ba ne don siffarsa, an yi shi ne don ya ba da ƙarfi da sauri, kuma a cikinsa akwai nagari akwai na banza. Manyan sunaye ma a yi hattara da su. Asalin bishiyoyi guda 6 na shahararren ulong mai suna Da Hong Pao da ke Wuyi an daina tsinkarsu tun 2006, duk abin da ake sayarwa da wannan suna daga wasu bishiyoyi ne ko gauraye. Maganin ruɗin suna da tsada shi ne wani ya zuba maka kofunan ya ɓoye kwalayen, ka rubuta abin da ka ji kafin ka san wane ne wane.

Zubar da jiƙaƙƙen ganye

Ina jin takaici in ga an gama sha an juye ganyen a shara ba a duba ba, domin busasshen ganye yana iya yaudara, jiƙaƙƙe ba ya iyawa. Juye shi a farin faranti, ka baza da yatsa. Na taɓa buɗe wani ulong mai kyan gani a bushe, ƙwayoyinsa kore shar masu sheƙi. Da ya jiƙa sai ga ganyaye a yayyage, wasu masu taushi, wasu masu kaushi kamar takarda, launinsu kala uku. An gauraya tsinka daban-daban. Ulong na gargajiya da aka yi da kyau ganyensa cikakke ne, mai laushi in ka murza, kore a tsakiya da jan baki a gefe, shaidar girgizar da aka yi masa. A koren shayi, jan kara ko jan tabo yana nuna an makara wajen sa shi a wuta. A baƙi ana son launin jan ƙarfe mai haske, in ya yi baƙi ƙirin ya dushe to an bar shi ya zarce. A shinshina shi da zafinsa, a sake bayan ya yi sanyi. Warin fumfuna ko hayaƙin da bai kamata ba a nan yake fitowa fili.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata aiki. Ba a tantancewa da sukari ko madara, sai dai in an gama a gwada baƙin shayin da ɗigon madara a ga ko zai riƙe launinsa. Ba a zuwa da turare a jiki, ko da bakin da ya gama cin yaji ko goge haƙori. A fara da kore, sai ulong, a ƙare da baƙi, ana kurkure baki da ruwan ɗumi a tsakani.

Sai ajiya. Ganyen shayi yana zuƙe duk warin da ke kusa da shi, haske da danshi kuma suna cinye shi. Koren da ya shekara a kwalbar gilashi kusa da kayan ƙamshin girki ya riga ya zama wani abu daban, yana warin busasshiyar ciyawa, kuma ba adalci ba ne a tantance gonar da ya fito da shi. Kafin ka ɗora ruwa, duba ranar tsinka in an rubuta, ka ɗumama kofi, ka zuba busasshen ganyen a ciki, ka rufe na 'yan daƙiƙoƙi ka shinshina. In babu abin da ya taso, nemi sabon samfuri ka ajiye shi a gwangwani mai rufuwa ruf, nesa da rana.