Yadda ake lalubo amsa mafi kyau da dabarar Hooke da Jeeves

A ce an ba ka aikin kafa farantan sola a wata rijiyar burtsatse a Daura. Kana da manhajar da za ta lissafa maka wutar shekara idan ka ba ta lamba biyu: karkatar faranti da inda ya fuskanta. Burinka shi ne gano lambobin da za su ba da wuta mafi yawa. Sai dai wutar ba ta hawa ko sauka a miƙe, kuma ba ka ganin lissafin da ke cikin manhajar balle ka ciro gangarensa, wato abin da zai nuna maka ɓangaren da wuta ke ƙaruwa. Irin wannan matsalar Robert Hooke da T. A. Jeeves suka samo wa dabara a 1961. Lalube ne, kamar mai neman kan tudu cikin hazo: ya taka nan, ya taka can, ya bi inda ƙasa ta ɗaga.

Fara da zaɓen mafari da tsawon taki. Mu ce karkata digiri 28, fuska digiri 164 (kudu sak 180 ne), taki digiri 8.

Sai lalube. Gwada karkata 36. In wuta ba ta ƙaru ba, gwada 20. Wanda ya fi, riƙe shi, ka yi wa fuska haka. Mu ce ka tsaya a 20 da 172.

Daɗin dabarar yana nan: tunda wannan ɓangaren ya biya, kada ka tsaya rarrafe. Maimaita tafiyar da ka yi gaba ɗaya, ka dira a 12 da 180, ka sake lalube a wurin. In sakamakon ya fi na 20 da 172, ci gaba da tsalle, kuma tsallen kan ƙara tsawo da kansa. In bai fi ba, koma inda ka baro. Wurin komawar nan yana da sauƙin mantawa idan ana rubuta shirin a kwamfuta.

Duk lokacin da lalube bai haifar da komai ba, raba taki biyu: 8, 4, 2, 1. Ya kai rabin digiri, tsaya, don mai walda ba zai iya bambance abin da ya gaza haka ba. Lambar da ta fita iyaka kuwa, kamar karkata ƙasa da sifili, jefar da ita.

Dabarar tana iya maƙalewa a ƙaramin tudu alhali babba na gefe, don haka sake farawa daga wurare biyu ko uku. Daura na wajen digiri 13 arewa da ikwaita, kuma karkata mafi kyau kan yi kusa da wannan lambar, saboda haka amsar da ta yi nisa da karkata 13, ko ta bar kudu sosai, sake duba ta.