Darasi: Sauya Kan Silinda Tsakanin Injinan Chevrolet Masu Ƙaramin Bulok

A shekarar 1955 kamfanin Chevrolet na Amurka ya fito da wani inji mai silinda takwas, huɗu a kowane gefe. Shi ake kira mai ƙaramin bulok; bulok shi ne gangar jikin injin, inda silindoji suke. Na farko shi ne 265, sannan aka yi 283 a 1957, da 327 a 1962, da 350 a 1967, da 400 a 1970, da 305 a 1976. Lambobin nan girman cikin injin suke nunawa, a ma'aunin kubik inci. Duk 'yan gida ɗaya ne: kowane kan silinda, wato ƙarfen da ke rufe saman silindoji, wanda makanikai ke cewa top silinda, da bol 17 ake ɗaure shi, kuma ramukan bol ɗin a wuri ɗaya suke. Saboda haka kan 305 zai zauna daram a kan bulok ɗin 350.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Zaman kai a kan bulok ba ya nuna cewa injin zai yi aiki lafiya.

Fara da kifa kan silindar. Za ka ga ramuka huɗu inda bawul da bakin fulogi suke. Cikin waɗannan ramuka fistin ke matse iska da fetur kafin wuta ta kama. Ana auna girman cikinsu da cc, wato kubik santimita. Yawancin kawunan 305 suna da cc 58, da yawa daga cikin na 350 na shekarun 1970 kuwa cc 76 ne.

Ɗauko takarda mu yi lissafi. Silinda ɗaya ta injin 350 tana cin cc 717. A ce ramin kai cc 76 ne, sannan kaurin gasket, wato shimfiɗar da ake sawa tsakanin kai da bulok, da lotsin saman fistin sun ƙara cc 20. Jimla 96 ke nan. Haɗa 717 da 96, ka sami 813. Raba shi da 96, ka sami kusan 8.5. Wannan shi ne matsin injin. Yanzu sa kan 305: 58 da 20 sun zama 78. Haɗa 717 da 78, ka sami 795. Raba da 78, ka sami kusan 10.2. Ka ga tazarar da cc 18 kacal suka kawo. Injin zai ƙara kuzari, amma idan fetur ba mai kyau ba ne zai riƙa ƙwanƙwasa a kan hawa, kuma wannan ƙwanƙwasar ce ke cin fistin a hankali. Idan kuma aka juya, aka sa kan cc 76 a kan 305, motar za ta yi sanyin jiki, ta sha mai ba ƙarfi. A ganina, duk wanda bai yi wannan lissafi ba bai kamata ya biya kuɗin kai ba tukuna.

Faɗin silinda ma abin dubawa ne. Na 350 inci 4 ne, na 305 inci 3.736. Kai mai manyan bawul na inci 2.02 yana iya taɓa bangon silindar 305.

Injin 400 kuwa yana buƙatar kulawa ta musamman. Silindojinsa a manne suke da juna, ruwa ba ya ratsawa tsakaninsu, shi ya sa aka yi masa ƙananan hudoji na fitar tururi a bulok da kai. Kan 350 ba shi da su. Idan za a ɗora shi a kan 400, sai a shimfiɗa gasket na 400 a kansa, a yi alama, a kai wa mai injin huda ya huda. In ba haka ba tururi zai taru, zafi ya tashi ko da lagireto sabo ne.

Sai shekarar da aka ƙera kan. Kawunan da suka riga 1969 galibi ba su da ramukan bol a goshi, inda ake ɗaure altaneta. Daga 1987 aka mayar da bol ɗin murfin bawul tsakiya, aka kuma sauya karkatar bol huɗu na tsakiyar manifol, wato ƙarfen da ke kai iska zuwa kawunan silinda. Kan samfurin da ake kira Vortec, na 1996, mai cc 64, yana jan iska sosai, shi ya sa ake rububinsa, amma manifol ɗinsa bol 8 ne a maimakon 12, dole a sayi nasa. Cire murfin bawul ka karanta lambar da ke jikin ƙarfen. Na Vortec suna ƙarewa da 062 ko 906. Kan injin Chevrolet samfurin LT1 na 1992 hanyar ruwansa daban ce, samfurin LS kuma da ya fito a 1997 wani inji ne dabam gaba ɗaya. Kada ka saye su don wannan aiki.

Ranar ɗauri, kankare tsohon gasket tas, ka aza miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan don ganin ko ta lanƙwashe. Sa sabon gasket, kada ka maimaita tsoho. Bol ɗin wannan inji suna nutsawa har cikin hanyar ruwa, don haka shafa wa zarensu man toshe yoyo. Fara ɗauri daga tsakiya kana zagayawa zuwa gefe, zagaye uku, kowane ya fi na baya ƙarfi. A tsofaffin injinan ana tsayawa a 65 na ma'aunin ft-lb, kusan 88 ke nan a ma'aunin Nm. Yi amfani da sifana mai awo, kada ka dogara da ƙarfin hannu. Kafin ka tayar, cire fulogi ka juya injin da hannu zagaye biyu. Idan ya cije, tsaya ka buɗe.

Aikin gida: injin 350 ne, za a sa masa kan Vortec mai cc 64, gasket da fistin sun ƙara cc 20. Lissafa matsinsa, ka kawo amsar zuwa aji.