Yadda Ake Soke Makin GMAT Da Yadda Ake Dawo Da Shi

GMAT jarrabawa ce da ake rubutawa don neman gurbin karatun MBA, wato digiri na biyu a fannin gudanar da kasuwanci. Da farko ka tantance wace GMAT ka rubuta, tsohuwar ko sabuwar. Tsohuwar, mai maki 200 zuwa 800, an daina ta a ƙarshen Janairun 2024. A lokacinta, da ka gama sai makinka ya fito a fuskar kwamfuta, a ba ka minti 2 kacal ka karɓa ko ka soke. In ka yi shiru har lokacin ya cika, an soke ke nan. Wanda ya karɓa sannan ya sake shawara yana da awa 72 ya soke ta intanet a kan dala 25.

To in ka soke, yanzu kuma ka ga makin zai isa makarantar da kake nema, duba ranar jarrabawar tukuna. Ana dawo da maki ne cikin shekara 4 da wata 11 daga ranar. Shiga asusunka na mba.com, nemo jarrabawar a jerin waɗanda ka rubuta, danna wurin dawo da maki, ka biya dala 50. Kada ka bari sai wa'adin neman gurbin MBA ya matso, domin shi kansa makin shekara 5 yake aiki.

Sabuwar, mai maki 205 zuwa 805, ba ta da sokewa, kuma a ganina hakan ya fi adalci. Sai ka ga makinka sannan ka zaɓi makarantun da za a tura wa. Guda 5 kyauta ne cikin awa 48 bayan fitowar sakamako na hukuma. Makin da bai yi maka ba, kada ka tura shi.